Kafin Mu Sayi Mutum-mutumin Danna Maɓalli, Mu Nemi Ƙofar API: Darasi Daga Kaugama

Wani abokina da ke riƙe da sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Kaugama ya kira ni wata rana bayan sallar isha'i, muryarsa duk a gajiye. Wasu masu ba da tallafin iri da taki ne suka buɗe shafin rajista a intanet, suka ba su kwana goma su shigar da sunayen mambobinsu. Sunayen suna nan tsaf a cikin Excel, da lambar waya da ƙauye da girman gonar kowa. Matsalar ita ce shafin ba ya karɓar fayil, sai an cike fom ɗaya bayan ɗaya. Shi da ƙanensa sun yi kwana biyu suna bugawa, ko kwata ba su ci ba.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Washegari na ɗora masa wata manhajar RPA a kwamfutarsa, na koya mata aikin: ta buɗe shafin, ta ɗauko suna daga layin farko, ta zuba a gurbinsa, ta ɗauko lambar waya, ta danna maɓallin aikawa, ta koma layi na gaba. Muka zauna muna kallon linzami yana yawo shi kaɗai a fuskar kwamfuta, yaran gidan suka taru suna dariya wai aljani ne ke aiki. Aka ƙara wa janareta mai, muka tafi muka kwanta.

Da safe muka tarar da ɓarna. Cikin dare sabis ya riƙa ɗaukewa. Duk sanda manhajar ta danna aikawa ba ta ga amsa ba, sai ta sake, har wani manomi ya shiga rajistar sau uku. Bayan kwana biyu kuma masu shafin suka ƙara wata sanarwa da ke faɗowa a tsakiyar fom, manhajar ta tsaya cak tana jiran maɓallin da sanarwar ta rufe. Sunaye irin su Hauwa'u da Sa'adatu da Isma'il kuwa shafin ya ƙi su saboda ɗan waƙafin da ke tsakiyarsu, ita kuma manhajar ba ta san an ƙi ba, ta wuce abinta. Ba mu gane haka ba sai da wa'adi ya cika. Wasu mata da suka biya kuɗin ƙungiya kamar kowa ba su samu taki ba a wannan shekarar.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Da na samu magana da wanda ya gina shafin, sai ya ce ai suna da API, da mun tambaya da ya ba mu mabuɗi mun tura sunayen duka cikin 'yan mintuna. A rashin tayi akan bar arha. Ashe ƙofa na nan a buɗe, mu kuma muka kwana muna haurawa ta taga.

Wannan ne ya sa nake da ra'ayin da zan kare a nan: duk inda akwai API, to ta nan ya kamata manhajar RPA ta bi. Danna maɓalli a fuskar kwamfuta ya zama sai dole, kuma na ɗan lokaci. Sannan duk wata ma'aikata ko ƙungiya da za ta sayi sabon tsarin kwamfuta don yi wa jama'ar Jigawa aiki, kada ta karɓa sai da API a jikinsa.

Mene ne RPA, mene ne API?

RPA manhaja ce da ke kwaikwayon hannun ma'aikaci. Ba mutum-mutumin ƙarfe ba ne mai hannu da ƙafa, a cikin kwamfuta take. Tana motsa linzami, tana buga rubutu, tana kwafe bayani daga wannan manhaja ta zuba a waccan, kamar yadda akawu zai yi. Kamfanin Blue Prism na Ingila, wanda aka kafa a 2001, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a. Sai Automation Anywhere na Amurka, da UiPath wanda ya samo asali daga birnin Bukares na ƙasar Romaniya a 2005, ya kuma shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021. A shekarar 2021 ɗin ne Microsoft ya saki Power Automate Desktop kyauta ga masu amfani da Windows 10, abin da ya kawo wannan fasaha har teburin mai shagon kwamfuta a Hadejia ko Malam Madori.

Ita kuma API hanya ce da aka gina musamman don manhaja ta yi magana da manhaja kai tsaye, ba tare da fom ko maɓalli ko hoto ba. Manhajarka za ta aika ɗan gajeren saƙo zuwa wani adireshi a intanet, yawanci cikin tsarin rubutu da ake kira JSON: ga suna, ga lambar waya, ga ƙauye. Uwar garken da ke can za ta dawo da amsa mai lamba. Idan ta ce 200, an karɓa. Idan ta ce 400, akwai kuskure a abin da ka turo. 401 na nufin ba a san ka ba, 429 na nufin ka cika sauri ka rage, 503 kuma na nufin ba ta iya aiki yanzu ka dawo an jima.

Mai karatu ya riga ya saba da API ko bai san sunanta ba. Duk lokacin da mai POS a kasuwar kifi ta Hadejia ya buga lambar asusunka, sunanka ya fito kafin ya tura kuɗi, ba wani ma'aikacin banki ne ya duba littafi ba. Na'urarsa ce ta tambayi bankinka ta hanyar tsarin NIBSS, amsa ta dawo cikin daƙiƙa.

Mutanen fadama za su fi kowa gane bambancin. Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa: a sauke guga, a ɗago, a juye. RPA mai danna maɓalli kamar ka ɗaura wa jigo inji ne, yana ta saukewa yana ɗagowa kamar mutum, sai dai ba ya gajiya. API kuwa bututu ne daga kogi zuwa fangali. Injin jigo ya fi hannu, babu musu. Amma ranar da ruwa ya ja baya da taku biyu, zai ci gaba da ɗebo iska har gari ya waye.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne manhajojin RPA ɗin kansu sun iya bin bututun. UiPath na da aikin aika buƙatar HTTP, Power Automate Desktop ma na da umarnin kiran sabis ɗin yanar gizo, har da tsohon nau'in da ake kira SOAP. Ke nan ba zaɓi ba ne tsakanin RPA da API. Tambayar ita ce ta wace hanya za ka tura mutum-mutuminka, ta ƙofa ko ta taga.

Me ya sa abin ya fi shafar mu?

Waɗanda suka ƙirƙiro RPA sun yi ta ne don bankuna da kamfanonin inshora na Landan da New York, inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet ke gudu ta waya, kuma akwai ma'aikata da aikinsu kawai gyaran mutum-mutumin idan ya tsaya. Ƙaramar hukumar Kaugama ba haka take ba, kuma wannan bambancin ne ke sauya lissafi.

Na farko, sabis. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabait 2, saboda hotuna da kwalliya da manhajojin da ke ɓoye a bayansa. Saƙon JSON mai ɗauke da bayanin manomi ɗaya kuwa da wuya ya kai kilobait ɗaya ko biyu. A garin da sandunan sabis ke hawa da sauka, ƙaramin saƙo yana wucewa a inda babban shafi zai maƙale. Kuma kuɗin data daga aljihun sakataren ƙungiya yake fita.

Na biyu, sanin abin da ya faru. Idan sabis ya yanke bayan an danna aikawa, mai danna maɓalli ba shi da tabbacin saƙon ya isa ko bai isa ba. Ingantattun API, musamman na biyan kuɗi, suna ba ka damar maƙala wa kowace buƙata lambar shaida ta musamman. Ko sau goma ka sake turawa, uwar garke za ta gane abu ɗaya ne, ta rubuta sau ɗaya. Da muna da wannan, da manomin nan bai shiga rajista sau uku ba. Da kuma amsar 400 ta dawo kan sunan Hauwa'u, da tun daren farko mun gani mun gyara.

Na uku, lokaci da wuta. A ce manoma 2,000 ne, kowane fom yana cin minti 3 idan mutum ne ke bugawa, sa'o'i 100 ke nan. Ko mutum-mutumi ya rage shi zuwa minti ɗaya, sai ya haura sa'o'i 33 kwamfuta na kunne, fuskarta a buɗe, ba mai taɓa ta. Ta API aikin kan ƙare kafin batirin kwamfutar ya mutu.

Na huɗu, kuɗi. Nau'in kyauta na waɗannan manhajoji yana da iyaka. Da zarar kana son mutum-mutumin ya riƙa aiki shi kaɗai ba mai tsaro, sai ka sayi lasisi, kuma da dala ake lissafinsa. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ƙaramar hukumar da ta ɗora aikinta kan lasisin shekara-shekara ta ɗaura kasafinta ne a ƙafar canjin kuɗi. Kiran API kuwa ana iya yin sa da 'yan layukan Python, wanda ba a biyan ko sisi.

Na biyar, amana. Mutum-mutumin da ke danna maɓalli da sunan wani ma'aikaci yake shiga, da kalmar sirrinsa. Duk abin da ma'aikacin ke iya gani ko gogewa, shi ma zai iya. Idan ɓarna ta faru, kundin shafin zai nuna sunan ma'aikacin ne. Mabuɗin API kuwa ana iya taƙaita shi: ya karanta kawai, ko ya rubuta a wuri ɗaya kawai, a kuma soke shi ranar da aka ga dama ba tare da an taɓa asusun kowa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Birtaniya, tun daga 2018, ta tura manyan bankunanta su buɗe API, don kamfanonin fasahar kuɗi su daina karɓar kalmar sirrin mutane suna shiga asusunsu. Babban Bankin Najeriya ma ya bi wannan hanya, ya fitar da tsarin buɗaɗɗen banki a Fabrairun 2021, sannan ƙa'idojin aiwatarwa a Maris 2023.

Wurare uku da wannan zai yi aiki a yankinmu

Mu fara da lafiya. Bayanan asibitocin Najeriya na wata-wata, irin su yawan haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, a kan manhajar DHIS2 ake tara su, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa. Daga rajistar takarda a ƙananan asibitoci ake haɗa jimilla, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma ya shigar. DHIS2 tana da cikakkiyar API. Haka ma KoboToolbox da ODK, waɗanda ƙungiyoyi ke amfani da su wajen tattara bayanai da waya a ƙauyuka. Duk wanda ya zo ya ce zai sayar wa sashen lafiya mutum-mutumin da zai riƙa kwafe lambobi daga fuskar Kobo yana bugawa a fuskar DHIS2, to yana sayar da jigo ne a inda aka riga aka shimfiɗa bututu.

Na biyu, ambaliya. Kogin Hadejia daga Kano yake samo ruwansa, inda dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 da na Challawa na 1992 suke tare da manyan rassansa. Idan damina ta yi ƙarfi, dam ya cika ya tumbatsa, ruwan kan ɗauki kwanaki kafin ya ratso Wudil da Ringim ya iso ƙasar Hadejia, inda kachalla ta toshe hanyoyinsa da dama. Mutanen Kaugama da Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri ba sa buƙatar a tuna musu da 2020 ko 2022. A 2022 kaɗai sama da mutum 600 ambaliya ta kashe a faɗin ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Waɗannan kwanakin da ruwa ke tafe su ne jarinmu. Tsarin GloFAS na Tarayyar Turai yana fitar da hasashen yawan ruwan koguna a duniya, ana kuma iya ɗaukar bayanansa ta API. Flood Hub na Google yana ba da hasashen har kwana bakwai gaba, Najeriya na cikin ƙasashen da ya shafa. A 2022 ƙungiyar IRC ta gwada bai wa iyalai kuɗi a Adamawa kafin ruwa ya iso, bisa hasashe. Ba wani abu mai wuya ba ne a haɗa ƙaramar manhaja da za ta riƙa tambayar irin waɗannan hanyoyi kowace safiya, idan ruwa ya haura wani ma'auni ta tura saƙon tes da Hausa ga dagatai da masu unguwanni da malaman gona a Marke da Yalo da Dakayyawa. Kamfanonin tura saƙon tes duk ta API suke aiki.

Sai dai hasashen da aka yi daga nesa bai san inda kachalla ta toshe ba, bai kuma san inda jinga ta tsage ba. Ma'aunin da ya fi amfani yana hannun hukumominmu: Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are, da NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, da NiMet. Rahoto da sanarwar manema labarai don mutum ake yin su, suna da amfaninsu. Amma roƙona shi ne ma'aunin ruwa na kullum ya riƙa fita ta ƙofar da na'ura za ta iya karantawa. In ba haka ba, matashin da ke son taimakon garinsu zai koma sa mutum-mutumi ya riƙa tsintar lambobi daga hoton takarda, kuma ranar da aka sauya tsarin takardar, gargaɗin ba zai fita ba. A aikin rajista, tsayawar mutum-mutumi asarar taki ce. A aikin ambaliya, rai ne.

Na uku, tallafin noma. Tun shirin GES na 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, ake tura wa manoma saƙon karɓar taki ta waya. A ƙasar Hadejia aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a Nuwamban 2023. Kowane shiri da rajistarsa, kuma manomi ɗaya ne ake ta rubutawa. Da rajistocin suna magana da juna bisa izininsa, da ba sai ya bar gonarsa ya bi layi da katin NIN a hannu duk shekara ba.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce da yawa daga tsofaffin manhajojin ofisoshinmu ba su da API, wanda ya gina su ma ya ɓace. Gaskiya ne, kuma a nan ne RPA ke da hurumi. Da babu gara ba daɗi. Amma ko a nan akwai ladabi. A bar wa mutum-mutumin taki ɗaya tak da ba shi da ƙofa, sauran aikin ya bi ta API. A buɗe masa asusunsa na kansa, kada ya ari na ma'aikaci. Ya riƙa rubuta duk abin da ya yi. Kuma a ƙarshen kowane aiki a gwada lissafi: nawa aka ba shi, nawa suka shiga, ina sauran? Wannan ne mu ba mu yi ba.

Ba mu kaɗai irin wannan sakaci ke kayarwa ba. A Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga rahoto ba. Dalili shi ne wani tsari mai aiki da kansa yana zuba sakamakon gwaji a tsohon nau'in fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube, ba ƙara ba gargaɗi. Idan haka ta faru a Landan, me zai hana ta faru a sakatariyar ƙaramar hukuma?

Za a kuma ce buɗe API buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. Tsoron yana da tushe. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN, a kan Naira 100, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Amma maganin ƙofa marar kuba ba toshe ta da bulo ba ne. Idan ka toshe, mutane za su koma bai wa juna kalmar sirri, suna tura fayil ɗin Excel cike da lambobin NIN da BVN ta WhatsApp, wanda shi ne ake yi a yanzu. API mai kyau tana sanin wa ya tambaya, me ya tambaya, yaushe, kuma tana iya amsa eh ko a'a kawai ba tare da ta miƙa dukkan bayanin mutum ba.

Sai batun aikin yi. Akwai matasa a Hadejia da Kaugama da Malam Madori da abincinsu ke fitowa daga cike wa mutane fom a shagon kwamfuta. Ba zan ce ba abin da zai taɓa su ba, domin aikin kwafe rubutu zalla zai ragu, da mu ko ba mu. Amma manomin da bai iya karatun boko ba zai ci gaba da buƙatar wanda zai zauna da shi, ya tantance takardunsa, ya bi masa kadi idan an ƙi sunansa. Kuma matashin da ya iya haɗa manhaja da manhaja ya fi mai buga fom daraja nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ni kaina nake tsoro fiye da waɗannan. Bututu ba ya tace ruwa. Idan jerin sunayen da aka shigar na son kai ne, API za ta isar da son kan ne cikin sauri. Sannan na'ura ba ta san cewa Muhammadu da Muhammad da Mamman na iya zama mutum ɗaya ba. Ba ta san matan gida uku na iya amfani da layin wayar maigida ba, ko cewa dattawa da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Idan aka ce duk wanda bayanansa ba su dace ba a cire shi kai tsaye, to talaka da mace da tsoho ne za su fara faɗuwa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura zalla. Don haka duk sunan da na'ura ta ƙi, ya tafi teburin mutum, wanda zai iya tambayar mai unguwa ko malamin gona.

Abin da ya kamata a yi

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, jihar ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin haka ba. Hukumar NITDA, wadda ɗan Hadejia Kashifu Inuwa Abdullahi ke shugabanta tun 2019, ta fitar da tsarin da ke nuna yadda manhajojin gwamnati za su riƙa musayar bayanai. Ƙasar Estoniya, wadda yawan jama'arta bai kai rabin na Jigawa ba, tun 2001 ta haɗa rumbunan bayananta ta tsarin X-Road, har ta kai ga ba a tambayar ɗan ƙasa bayanin da gwamnati ta riga ta karɓa. Abin da ya rage mana ba sabon ilimi ba ne, sharaɗi ne a takardar kwangila.

Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi: duk ɗan kwangilar da zai kawo manhaja, a rubuta masa cewa dole ta zo da API, da takardar bayanin yadda ake amfani da ita, da wurin gwaji, kuma bayanan na hukuma ne, tana iya kwashe abinta duk ranar da ta so. Kafin a biya shi, a gwada shigar da Hauwa'u da Ɗanladi da Ƙasimu da 'Yar Baba. Manhajar da ba ta iya rubuta sunayenmu ba, ba don mu aka yi ta ba.

Ga ƙungiyoyin da ke kawo tallafi: idan kun buɗe shafin rajista, ku faɗa wa shugabannin manoma tun farko cewa akwai hanyar tura sunaye a dunƙule, ku kuma dawo musu da jerin waɗanda aka ƙi da dalilin ƙin.

Ga ɗalibanmu na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Hadejia, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da masu cin gajiyar shirin 3MTT: ku koyi RPA, tana da kasuwa. Amma kada ku tsaya a ɗaukar motsin linzami. Ku koyi yadda HTTP ke aiki, ku iya karanta JSON, ku gane bambancin GET da POST, ku san yadda ake adana mabuɗi ba tare da an rubuta shi a fili cikin manhaja ba. Ku saba da gina abin da zai ajiye aiki a layi idan sabis ya ɗauke, ya ci gaba daga inda ya tsaya idan ya dawo. Manhajar da za ku koya yau tana iya sauya suna ko farashi gobe, amma wannan ilimin zai bi ku duk inda kuka je.

Ga duk wanda aka ba aiki irin wanda abokina ya ba ni: kafin ka buɗe manhajar RPA, ɗauki waya ka kira masu shafin ka yi musu tambaya ɗaya, kuna da API? Matambayi ba ya ɓata. Ni ban tambaya ba, kuma ba ni na biya kuɗin kuskuren ba. Matan da suka shuka shinkafa ba taki ne suka biya.